Kananzir a Tafkin Inna

Zuwa ga Umda, mai unguwarmu, a nan Makka.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ban girma, ni ne Garba mai ɗinkin hula. Na rubuto a fili ne saboda sau biyu ina zuwa ƙofarku ban samu ganinku ba.

Na farko. Mahaifiyata 'yar masunta ce daga Yawuri. Da ƙafa muka zo ta Sudan, kuma tun da muka sauka garin nan rabonta da kogi. Yanzu idonta ma ya tafi. A wajenmu in an haƙa rijiya akan saka mata kifi, ya cinye tsutsar sauro, kuma muddin yana motsi an san ruwan lafiya lau yake. Shi ya sa da alhazai suka watse na kora jaki zuwa Wadi Fatima, na kamo ƙananan kifaye arba'in a idon ruwa, na zubo su a salka. Ashirin da uku ne suka iso da rai, na sake su a birka, ɗan tafkin da na gina a tsakar gidana. Tun ranar kullum da hantsi Inna na bakinsa, ta tsoma hannu suna tsattsagar mata yatsu. Har waƙar masunta na ji tana yi, wadda rabona da ita tun rasuwar babana.

Na biyu. Ranar Talata ina kasuwa, mutanenku masu yaƙi da sauro suka shigo suka tuttula kananzir a ciki. Matata ta yi ta nuna musu kifin, Larabcinta bai kai ba. Ban ce mugunta suka yi ba. A ganinsu duk ruwan da ya kwanta gidan sauro ne, ni ma kuwa zazzaɓi ya ɗauke mini ɗa. Amma wallahi raina ya ɓaci. Da ma sun ɗan sunkuya sun duba.

Na uku. Guda biyar kaɗai suka tsira, matata ta tsamo su da ƙwarya, suna cikin randa. An ce ranar Alhamis za a dawo, har randuna za a bi.

Roƙona, ranka ya daɗe, ku zo da kanku ku ɗebi ruwan randar nan ku duba. In kun ga tsutsa ko ɗaya, ni zan zuba kananzir ɗin da hannuna. In babu, a bar mana biyar ɗin nan.

Ita Inna na ce mata gyaran tafkin ake yi. Jiya ta tambaye ni me ya sa gyaran yake warin fitila.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa ku gama da iyayenku lafiya.

Wassalam.
Garba mai hula