Iskar da Ba Ta Kaɗa Shanya

Mama Basilia, surukata,

Ina gaishe ki. Yaya ciwon gwiwa? An haƙe dankalin kuwa? Ni lafiya lau, girkin da nake yi wa ma'aikatan tashar binciken sararin samaniyar nan bai fi ƙarfina ba.

Sai ranar Talata na gane da gaske ɗanki Teofilo ya rasu. Na ji ana cewa iska mai ƙarfi ta taso daga rana, na ruga in kwashe shanya. Injiniya Rosalia ta fashe da dariya.

"Haba Eusebia! Wannan iskar ko gashinki ba za ta kaɗa ba. Can sama take bugawa, ta yaye wani lulluɓi da ke kewaye da duniya."

Na ce, "Shi ke nan ya tafi?"

"A'a, yakan sake cika daga ƙasa, a hankali."

Na juya in ba Teofilo labari, don da ya yi mako yana tsokanata. Sai na ga wani tsugune a wurinsa, yana ɗaure wayoyin eriya.

Ina cin abinci, Mama, kada ki damu. Barcin ne dai kaɗan. Ki aiko mini da ganyen koka na taunawa ta hannun direban motar garin Ayacucho.

Kin tambaya ko na wanke kayansa a rafi ran kwana biyar, don ransa ya kama hanya. Nan babu rafi, sai rairayi. Ko da akwai ma, bargonsa har yanzu ƙanshinsa yake yi.

Allah ya bar mana ke. Ki yafe mini, ban wanke ba tukuna.

Eusebia