Fuskar Sallau Mahauci

Damagaram, 6 ga Maris

Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, gwiwar nan kuma ta yi sauƙi. Na samu saƙonki na rasuwar Sallau mahauci, Allah ya jiƙansa.

Akwai abin da ban taɓa faɗa miki ba. Kin san ni, ban iya ƙago fuska ba, a kasuwar Matameye nake ɗaukar fuskokin mutanen littattafaina. Da aka ba ni aikin littafin zane kan tsabtar nama, mai mugun mahauci da ke sayar da mushe, sai na ɗauki ta Sallau don tana da sauƙin zanawa. Ko tabon girarsa ban cire ba. Aka raba littafin a lakwal-lakwal, wato makarantun boko, yara suka riƙa binsa suna kiransa mai mushe, har ya naɗe tabarmarsa ya koma Dungu. Na ji labari, na yi gum da bakina.

Tun da saƙonki ya zo, duk wanda na zana Sallau ne yake fitowa, ko mace ce. Tsoro nake ji, Inna. Don Allah ki je wurin matarsa Salamatu ki roƙa mini gafara.

Ɗanki,
Marwan

Damagaram, 29 ga Maris

Inna,

Ina gaishe ki, ya gajiyar hanyar Dungu? Allah ya saka miki da alheri.

Da zagina Salamatu ta yi, da ya fi mini sauƙi. Kin ce Sallau bai taɓa ɗaukar hoto ba, shi ya sa ta yanke zanena daga littafin ta manna a bango, shi take nuna wa jikokinsa. Kin ce ta yafe, abu ɗaya take roƙo, in zana mata shi yana dariya, don mutum ne mai yawan dariya.

Kwana tara ke nan ina kai, na cinye kaye biyu, littattafan da nake zane a ciki. Kowane zane da mugun kallon da na ɗora masa yake fitowa. Shekara ashirin ina wuce rumfarsa, tabon kawai nake kallo.

Kada ki ce mata na kasa. Ke kin san shi tun yana saurayi, ki sa a rubuto mini yadda bakinsa yake yi in yana dariya.

Ki gaida mutan gida.

Ɗanki,
Marwan