Ruwan Da Na Ba Bilkisu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin ki ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, har yau in na ji warin maganin da ake goge ƙasan asibiti da shi sai abin ya dawo min sabo.

A Agege ta Legas aka haife ni. Shekara biyu da dawowar mulkin farar hula, ina 'yar sha bakwai, aka yi wa ƙanwata Bilkisu aikin afendis, tana da shekara shida. Aiki ya yi kyau, har ta fara tambayar ina 'yartsanarta. Mamanmu ba ta jin Turanci ko Yarabanci, don haka ni ce mai jinya, ni ce tafinta. Washegari nas ta ce a fara ba ta ruwa, amma iya ɗan kofin da ta auna, kada a ƙara, tunda akwai ƙarin ruwa a hannunta. Ban fassara wa Mama wannan ba. A gidanmu an taso mu kan cewa ba a hana mai ƙishi ruwa, ko maƙiyi ne, sai na ɗauka rashin tausayi ne irin na ma'aikata.

Bilkisu ta yi ta cewa, "Yaya, kaina na ciwo." Ni kuma sai in fita bakin get in sayo fiya wata, in ɓoye a cikin hijabi, in ba ta ta tsotsa. Ban san leda nawa ba. Na lura ba ta fitsari sosai, tana amai, tana yawan barci, na ce gajiyar aiki ce.

Rana ta uku da hantsi Goggo, ƙanwar Baba, ta zo daga Ojota da rubutun da aka wanke da zamzam ɗinta na hajji. Cokali biyu ta ba ta, a gaban kowa. Ba a yi awa ɗaya ba Bilkisu ta fara jijjiga, kafin la'asar ta rasu. Baba ya ce rubutun ne, ya ce Goggo ta kashe masa 'ya da taurin kai, kada ta sake taka gidansa. Goggo ba ta yi musu ba, ta yarda ita ce. Ina tsaye, da ledojin fiya watan da Bilkisu ta shanye a cikin jakata, na yi shiru.

Bara aka yi wa ɗana aiki, na ga ana auna duk abin da ya sha, ana ɗibar jininsa. Na tambayi likitar dalili. Ta ce bayan aiki, zafi da tashin zuciya kan sa jikin yaro ya saki wani sinadari da ke hana ƙoda fitar da ruwa, sai ruwan ya taru ya tsinka gishirin jini, ƙwaƙwalwa ta kumbura. Na ba ta labarin Bilkisu. Ta ce shi ma ƙarin ruwan da ake sa wa yara a lokacin ba shi da isasshen gishiri, ba wanda zai iya rantsewa wanne ne sanadi, amma cokali biyu kam ba za su yi ba.

Yanzu Goggo tana kwance rai a hannun Allah, kullum saƙonta ɗaya, a roƙa mata Baba ya yafe mata. Baba yana da hawan jini, ni ce kuma 'yar da yake kira sanyin idonsa. In faɗa masa, ko in je wurin Goggo ita kaɗai? Ko in bar ta ta tafi da nauyin da ba nata ba? Na kasa yanke komai.

Abu na ƙarshe da likitar ta faɗa min shi ne, wannan ciwon kan da nake ba Bilkisu ruwa don ya lafa, shi ne alamar farko cewa ruwan ya yi mata yawa.