Wanda Zai Riƙe Wa Sauda Sirdi

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ni ce Ruƙayyatu 'yar Malam Sabitu, ta unguwar Ƙofar Dumi a Bauchi. Ina rubuta wannan da hannuna, hankalina yana jikina. Ƙafafuna ne suka kumbura, numfashina ne yake gajarta, amma kaina lafiya lau, kada wani ya ce zafin ciwo ne ya sa ni magana. Likita ya kira Baba waje, ya manta tagar a buɗe take. Na ji abin da ya ce game da zuciyata. Na karɓa. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Gare ku ƙannena, Mansir da Ya'u da Sauda. Ban haihu ba, ba kuma zan haihu ba. Amma tun rasuwar Inna ni na goya Sauda, ni nake raba muku tuwo, har maƙwabta suna ce mini uwar yara. To, ku saurari uwarku, ko da ƙarama ce. Kun san ba na iya magana a gaban mutane. A takarda ne kawai bakina yake buɗewa.

Na ɗaya. Littattafan soyayyar da ke ƙarƙashin katifata, rabinsu ba nawa ba ne. Masu bangon da aka liƙe da salatif na Habibatu ne 'yar gidan mai ɗinki, a mayar mata. Sauran a ajiye wa Sauda sai ta girma. Kada kakarmu Hajja ta hura wuta da su, ta sha cewa za ta yi. Mayafina ruwan toka da takalmin Sallah a bai wa duk wadda suka yi wa daidai.

Na biyu. Wayata ta Mansir ce, amma kada ya goge bidiyon nan. Zan faɗi yadda aka yi ya shigo gidanmu, saboda Sauda, wadda ba ta san farkon zancen ba.

Lokacin da aka fara kwantar da ni asibiti, ƙawata Liatu ta makaranta ta zo dubiya, ta tura mini shi. Ta ce tunda na ƙi fita ko ƙofar gida, ga ƙasar Faransa ta kawo mini har gado. Babu magana a cikinsa, babu waƙa. Wani ne ya ɗaura kyamara a kan kekensa yana tafiya a bakin kogi. Abin da ake ji kawai ƙarar taya a kan kwalta, da tsuntsaye, wani lokaci ƙararrawar coci daga nesa. Hanyar shimfiɗe take, ba hawa ba gangara, ba rami, ba mai mashin da zai zage ka. Kogin yana tafiya a hankali kamar wanda ba a aika ba. Dogayen bishiyoyi sun jeru dama da hagu. A wuce gonakin inabi, a haye gadar dutse wadda Liatu ta ce ta girmi ganuwar Bauchi, a ratsa ƙauye mai jajayen rufi, sai ga wani tsohon gidan sarauta mai tsinin kai, tsaye a cikin ruwa, inuwarsa tana kwance a ƙarƙashinsa. Idan ciwo ya taso, nan nake gudu.

Bayan an sallamo ni gida, kai Mansir ka ga yadda nake motsa ƙafa ina kallo. Ka jawo tsohon keken Baba daga zaure, ka ɗora bayansa a kan bulo, ka ɗaure shi da igiya a jikin ƙarfen tagar ɗakinmu, ka maƙala wayar a gabansa. Ka ce mini in hau, Faransa babu biza yau. Ni da ban taɓa hawa keke ba, na taka feda, tayar baya tana juyawa a iska, bishiyoyi suna wucewa. Sauda tana yi mini fifita da faifai wai iskar hanya ce. Baba ya shigo ya gani, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce keken ya zama nawa. Wallahi ban taɓa jin daɗi irin na waɗannan watanni ba. Allah Ya saka maka da Aljanna.

Na uku, kuma shi ne ya sa na ɗauki biro. Rigimar da ke tsakaninku.

Ranar da na sume a kan keken, kai Ya'u ka tsinke sarƙarsa ka ɓoye, ka ce Mansir ne ya kashe ni da wasan banza. Kai Mansir ka fasa masa leɓe. Tun daga ranar ba ku ƙara sa hannu a kwano ɗaya ba. Hajja tana zuba muku daban-daban kamar baƙi, ɗaya ya ci a zaure, ɗaya a bakin rijiya. Idan za ku yi magana sai ku aiki Sauda, gaya wa wancan, gaya wa wannan, alhali kuna tsakar gida ɗaya. Ina jin ku daga kwance.

Ya'u, ka ji da kyau. Zuciyar nan tun ina ƙarama ta lalace, daga wani ciwon maƙogwaro da zazzaɓi da ba a kula da su ba. Da keke da babu keke, nan za a zo. Na san tsoro ne ya sa ka, ba mugunta ba. Kai ne kake tashi ka gyara mini matashi idan na kasa numfashi, kana yi kana harara kamar an tilasta ka. Mansir, shi ma ƙaunata yake yi, irin tasa ce mai ƙaya. Kai ne babba, kai ne ka fara ɗaga hannu. Kai za ka fara miƙa shi.

Na faɗa muku wannan da baki, kowa ya sunkuyar da kai, ya fita ta ƙofarsa. Ina raye ba ku ji ba. Ban san me ya sa nake zaton za ku ji takarda ba.

Na huɗu. Keken na Sauda ne. Na tambayi malaminmu na Islamiyya, ya ce mutum ba ya wasiyya da abin da ya wuce sulusin dukiyarsa sai magada sun yarda. Keken ya fi duk abin da na mallaka. Baba, kai ne magajina, ina roƙonka ka yarda.

Ba don a jingine shi na ba ta ba. A sauke shi daga kan bulo, a kwance igiyar, ta hau shi a kan hanya ta gaske. Kuma a yi da wuri. Kun san unguwarmu: yarinya tana hawa keken yayyenta a lungu ba mai cewa komai, ranar da ƙirji ya fara fitowa shi ke nan, an rufe. Ni ina jira in warke lokacin ya wuce ni. Sauda tana shekara ta goma, tsayi take yi kamar dawa. Idan aka ce sai baɗi, ba na jin za a same ta.

Ku kai ta Jiyare, unguwar manyan ma'aikata, da safiyar Asabar, inda tituna suke da faɗi, bishiyoyi sun yi inuwa, motoci ba su da yawa. Ba kogi, amma ya isa. Sarƙa tana wurin Ya'u, Mansir ne ya iya ɗaura ta. Mai koyo kuma mutum biyu yake so, ɗaya ya riƙe sirdi ta baya, ɗaya yana gudu a gefe. Ba ni na tsara haka ba, haka abin ya zo.

Hajja, na san za ki ce 'ya mace a kan keke kamar ɗan aike, wa zai aure ta. Ki yi haƙuri, ki kau da kai na wata ɗaya. Ni da na zauna a ɗaki kamar yadda kike so, ga shi ba wanda zai aure ni.

Na biyar ba rabo ba ne, abu ne da nake so Sauda ta sani idan ta yi hankali. Ku maza kuna iya tsallakewa, kunya nake ji.

A bidiyon ba a ganin mai keken, sai hannuwansa cikin safar hannu. Ni kuwa da littattafai suka cika wa kai, na yi masa fuska. Dogo, mai sanyin murya, ba ya son hayaniya. Har suna na raɗa masa, ba zan faɗa ba. Nakan ce ina bayansa a kan kariyar keken, za mu tsaya a gindin gadar nan ya tsinko mini inabi. Kullum barci yake kwashe ni kafin ƙarshe. Ran nan na daure na kai ƙarshen. Keken ya tsaya a gaban wani shagon burodi, gilashin shagon ya nuno mai shi. Tsohuwa ce. Kanta fari fat, ta kai Hajja ko ta fi, fuskarta duk tamoji, tana haki tana murmushi.

Na yi kuka, Sauda, ba don saurayin da babu shi ba. Ban taɓa tunanin mace tana iya tsufa a kan keke ba, ita kaɗai, ba mai ɗauke da ita. A littattafaina labari yana ƙarewa ranar ɗaurin aure. Ashe akwai hanya mai tsawo a bayan nan. Ita ce ba zan gani ba. Ke ki gani, ko da iyakarta unguwar Fadaman Mada ce ta nan garin.

Na shida. Ba na bin kowa komai. Duk wanda na ɓata wa, ya yafe mini. A gaya wa Liatu da baki, kada ta ji a bakin hanya. A binne ni kusa da Inna idan akwai wuri.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ban sa rai sosai ba. Na san taurin kan Ya'u, na san zuciyar Mansir. Na san Baba fita yake tun asuba, Hajja kuma ba ta sauya magana. Abin da na fi zato shi ne za a yi kwana bakwai ana kuka, a karanta wannan, kowa ya ce Allah Ya ji ƙanta, sannan kaji su koma kwana a kan sirdin. Idan haka ta faru na yafe muku tun yanzu. Abu ɗaya kawai: kada ku mayar da kabarina wani abin faɗa, wannan ya ce kai ka ƙi, wancan ya ce kai ka hana. Ku sayar da keken a kilo, kada Sauda ta tashi tana kallonsa yana tsatsa.

Allah Ya yi muku albarka, Ya raya ku, Ya ba ku tsufan da bai ba ni ba. Allah Ya ba Baba da Hajja haƙuri. Ku riƙe salla, ku riƙe zumunci, mu huɗu Inna ta bari, yanzu ku uku ne, ba ku da yawan da za ku rabu. Idan kuwa Allah Ya taɓa zukatanku kuka fita da ita, ku sani za ta faɗi, kowa yana faɗuwa ranar farko. Kada ku tsaya neman wanda ya saki. Ku ɗaga ta.

Addarku,
Ruƙayyatu