Babbar Rigata a Filin Ƙwallo

Zuwa ga ƙanena Yusha'u, Jibiya.

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya mutanen Gangara? Lafiya lau nake a Amurka, gwiwata ce dai ba ta shiri da sanyinsu.

Albishirinka, jikana Zunnuraini ya ci wa jami'arsu ƙwallo a kan idona! Sai dai na yi abin kunya. A gefen iyaye zaune ake kallo, ɗalibai ne ke tsayuwa a nasu gefen. Ni kuwa murna ta kwashe ni, na miƙe na baza babbar riga, na ƙi zama. Aka ja rigata ta baya, na doke hannun ban waiwaya ba, har da cewa, "Kai ma tashi mana!"

Ashe tsohuwa ce a keken guragu. Jikanta ya ci musu ƙwallo ta biyu, ba abin da ta gani sai ɗinkin bayan rigata. Bayan an tashi wasa, Zunnuraini ne ya durƙusa ya ba ta haƙuri.

Kada matata Hajiya ta ji wannan. Wasan ranar Asabar da kaftani zan je, in zauna bayan tsohuwar. Ka yi addu'a in Zunnuraini ya sake ci, gwiwar nan ta riƙe ni a zaune.

Yayanka,
Manu