Rumbunan Garin Barmo

Gure, farkon bazara, 1932

Zuwa ga maiɗakina Bintu,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiyarki, da ta Baba Barmo, da ƙafar Ya Kaka? Ni ƙalau, sai kewar furarki.

Kin aiko tambaya: me ya sa za a raba wa garuruwan Kelle da Gidigir irin gero, aka tsallake garin babanki? Na bi sawu a biro, ofishin kumandan, tunda ɗan Faransancin da na tsinta a makarantar lakwal ya sa ni nake yi wa kumandan tafinta ran kasuwa.

Bayan ɓarnar fara, an aiki gardi, dogarin kumandan, ya ƙirga rumbuna. Daga kan raƙumi ya ƙirga, bai leƙa ko ɗaya ba. Akawu kuma ya ɗauka duk abin da ake kira rumbu cike yake, kuma girmansu ɗaya. Ku kuwa kowace mace da ɗan rumbunta, kuma ba ku rushe na mamaci. A takarda kun fi kowa hatsi a ƙasar Gure, har matattunku sun ƙoshi.

Kasuwa ta koya mini ba a kushe wa mutum hajarsa a gabansa, don haka ban ce wa kumandan takardarsa ta yi kuskure ba. Na dai shaida masa barewa ta yi yawa a kwarinku, shi kuwa mayen farauta ne. Laraba muna tafe. Ki roƙi Baba kada a ranto tuwo don fita kunya. A shimfiɗa wa baƙo tabarma a inuwar rumbun marigayi Abarshi, a ɗage jinkarsa kaɗan.

Allah ya kai mu damina.

Mijinki, Manzo

Gure, Alhamis

Bintu,

Ina gajiyar baƙi? Ina fata kowa lafiya.

Kina cikin gida, ba ki gani ba. Kumandan na zama, kazar Ya Kaka ta taso daga cikin rumbun, ta bi ta kan hularsa. Ya leƙa: ƙwai ne kawai da yanar gizo. Ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya, ni ina biye da fuskar mamaki.

Yau ya sa an soke lissafin. Daga yanzu dami za a ƙirga, kuma sai gardi ya sauko daga raƙumi. Irinku zai taso Asabar. A gyara kalmen noma.

Saura barewa, har yanzu yana tambaya. Ki ce wa ƙanenki Aisami ya nemo mana ko gurguwa ce.

A gaida Baba, a ba kazar nan tsaba.

Naki, Manzo