Tankin Tasharmu Ya Bushe

Litinin, 5 ga Maris, 1956

Ma'aikatan jirgi sun kwance injin famfon tasha, sun ɗora shi a tarago. Baba, da ya shekara da shekaru yana tura ruwa cikin tankin nan, shi suka sa ya kama musu ɗauka. Wai tashar ta yi ƙanƙanta, jirgi ba zai ƙara tsayawa ba. Da wannan ruwan jirgi ke sha, da shi duk ƙauyen ke sha.

Juma'a, 9 ga Maris

Kaka ta ce a idonta aka gina tashar, lokacin diban gwamna, wato aikin tilas, da kai maza suka ɗauki duwatsun. Wai an ce musu layin dogon har iyakar ƙasar Faransa zai kai. Bai kai ba, sai dai fataken can su zo da raƙuma su sauke gyaɗa, su shayar. "Yanzu mi zai kawo su?" in ji ta.

Ni Sha'ibu nake tunani, mai zuba wa jirgi gawayi. Shi ke kawo wa Baba littattafan soyayya daga Zariya, ni kuwa in karance su a ɓoye. Bai taɓa jin muryata ba.

Asabar, 14 ga Afrilu

Mun koma kududdufi. Ruwan kamar kunu. Jirgi ya wuce, na ga hular Sha'ibu, ko ta wani.

Lahadi, 19 ga Mayu, 1957

Na daɗe ban rubuta ba, babu abin daɗi. Kurkunu ya fito wa Baba a ƙafa biyu, ga ruwan shuka ya sauka. Inna na naɗe tsutsar a tsinke kaɗan kaɗan, kada ta tsinke. Ƙanwata Lauratu ma ta fara ɗingishi. Gida bakwai haka. In ba a yi shuka ba bana, ban san me za mu ci ba.

Alhamis, 6 ga Yuni

Na raka Lauratu wurin malamin asibiti a Faskari. Ya ce daga ruwa ne: mai ciwo ya tsoma ƙafa, tsutsa ta zuba ƙwai, mu sha, baɗi ya fito mana. A tace da ƙyalle, kuma kada mai ciwo ya shiga. Na faɗa wa Baba, kaina a ƙasa. Ya ce, "Bilki, kurkunu a jini yake. Ruwan nan kaɗai ke kashe mini zafin."

A littattafan soyayya, a irin wannan wurin wani ke zuwa ya yi ceto.

Talata, 11 ga Yuni

Na je ɗiba na tarar da Malam Nata'ala, sa'an Baba, zaune bakin kududdufi, ƙafarsa tsundum a ciki. Mata na ɗiba gefensa. Na ce, "Malam, don Allah fid da ƙafarka." Ya ce, "Wa ke magana? Ashe ɗiyar Gide na da baki?" Aka yi dariya. Na sake faɗa, da ƙarfi, har wani jaki ya ɗaga kai. Na cika ƙwarya na kai mishi can gindin marke, na ce ya tsoma a nan. Ya zage ni, amma ya taso.

Gobe da safe Baba ne zan hana shiga. Na riga na wanke ƙwaryar.